Shiga Kakar Gasar CrossFit a Matsayin Ɗan Sha'awa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan Fabrairu ya ƙarato, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke dawowa daga bakin mutanen da ke motsa jiki kafin su tafi aiki ko bayan an tashi, waɗanda wasa ba sana'arsu ba ce amma zuciyarsu na raya musu su gwada kansu. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Ana magana da "kai" ne don sauƙin rubutu, amma komai ya shafi mata kamar yadda ya shafi maza.

Wace irin gasa ce wannan, kuma me ya raba ta da gasar ɗaga ƙarfe ko ta gudu?

Mai ɗaga ƙarfe ya san abin da zai ɗaga tun watanni kafin ranar gasa, mai gudun fanfalaki ma ya san nisan da ke jiransa. A nan kuwa ana cakuɗa abubuwa uku a aiki guda: ɗaga nauyi, sarrafa nauyin jikinka a kan sandar ƙarfe da aka kafa a sama ko a ƙasa, da aikin numfashi irin su gudu, tsallen igiya da jan injin tuƙin kwale-kwale. Sannan ba a faɗa maka abin da za a gwada sai lokaci ya yi. Wanda ya ƙware a abu ɗaya ya yi watsi da saura, nan take allon sakamako zai nuna shi.

Greg Glassman ne ya kafa kamfanin CrossFit a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 2000. An yi gasar farko ta CrossFit Games a 2007 a wata gona da ke Aromas, kuma a 2011 aka ƙirƙiro zagayen da ake kira Open, wanda ya buɗe ƙofa ga kowa a duniya ta hanyar intanet. A 2018 waɗanda suka yi rajista sun haura 400,000.

Yaya kakar take tafiya daga farko zuwa ƙarshe?

Open ce matakin farko, tana farawa a ƙarshen Fabrairu ta shiga Maris. A da makonni 5 ake yi, amma daga 2021 aka mayar da ita makonni 3. Kowace Alhamis ana sanar da aikin makon, kai kuma kana da daga ranar zuwa Litinin ka yi shi ka shigar da makinka. Ana sa wa kowane aiki lamba: 24.1 na nufin aikin farko na shekarar 2024.

Bayan Open akwai matakan tankaɗe da rairaya, har a kai ga 'yan tsirarun da za su je babbar gasa, wato CrossFit Games, a lokacin bazarar Amurka. Waɗannan matakan na tsakiya su ne suka fi sauyawa. A 2021 aka shigo da zagayen kwata-fainal ga kashi 10 cikin ɗari na sama, a 2024 aka faɗaɗa shi zuwa kashi 25, a 2025 kuma aka cire shi daga tsarin shekarar. Saboda haka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka na bara. Kamfanin yana fitar da kundin dokoki sabo kowace kaka, kuma karanta shi na cikin shirin gasar.

Ni da ba zan taɓa zuwa babbar gasa ba, me zai kai ni biyan kuɗin rajista?

Gaskiya ce, ba za ka je ba, kuma kusan duk wanda ya yi rajista haka yake. Mutane irin su Rich Froning da ya ci gasar sau 4 a jere daga 2011 zuwa 2014, da Mat Fraser da ya ci sau 5 daga 2016 zuwa 2020, da Tia-Clair Toomey 'yar Ostareliya da ta ci sau 6 a jere daga 2017 zuwa 2022 kafin ta sake ƙarawa daga baya, rayuwarsu gaba ɗaya a kan wannan aka gina ta. Kai kuwa kana da aiki da iyali, da awa ɗaya da kake samu da ƙyar.

Abin da kake saye da kuɗinka shi ne awo na gaskiya sau ɗaya a shekara. A ranakun atisaye kowa na iya kauce wa abin da ba ya so: wanda ba ya son tsallen igiya ya musanya shi da keke, wanda tsugunno ke ba shi wuya ya tsaya a rabi, ba mai ce masa komai. A Open wani ne ya zaɓa maka aikin, wani ne ke ƙirga maka, agogo na tafiya, kuma makin zai zauna a ajiye har shekara mai zuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutane da yawa a irin wannan rana suke yin abin da suka yi shekara suna cewa ba su iya ba, domin ihun abokan atisaye da matsin agogo suna fito da abin da atisayen yau da kullum ba ya fito da shi.

Kuɗin rajistar ya daɗe yana kan dala 20, ana kuma iya sauya shi, don haka ka duba shafin rajista na shekarar.

Sai na kai wane mataki kafin in cancanci shiga?

Babu jarrabawar shiga. Idan ka yi 'yan watanni kana atisaye a kai a kai, kana iya tsugunno da ɗaga ƙarfe daga ƙasa ba tare da bayanka ya lanƙwashe ba, kuma likita bai hana ka aiki mai tsanani ba, ka isa. Wanda bai fi mako biyu da farawa ba, ko wanda ya daɗe a zaune yanzu ya dawo, ya karanta amsar da ke ƙasa kan narkewar tsoka kafin ya yanke shawara.

Mene ne Rx, Scaled da Foundations da nake gani a shafin shigar da maki?

Nau'o'i uku ne na aiki guda. Rx shi ne aikin yadda aka rubuta shi, da cikakken nauyi da cikakkun motsi. Scaled, wanda aka shigo da shi a 2015, an rage masa nauyi an kuma sauƙaƙa motsin da ke buƙatar ƙwarewa, misali tsallen igiya mai zagaye ɗaya maimakon mai zagaye biyu a tsalle guda. Foundations, daga 2021, na sababbin shiga ne. Ba dole ka tsaya a nau'i ɗaya duk kakar ba, kowane mako kana da zaɓi.

Akwai kuma rukunin shekaru. Matasa suna da 14 zuwa 15 da 16 zuwa 17, manya kuma daga shekara 35 ana raba su kashi-kashi na shekaru biyar-biyar, kowane rukuni da allonsa. Masu naƙasa ma suna da rukunoninsu tun 2021.

An ce maimaici ɗaya na Rx, wato yin motsi sau ɗaya, ya fi cikakken maki na Scaled. To me zai hana in riƙa zaɓar Rx kullum?

Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. A kan allon kowane aiki, duk mai makin Rx yana sama da duk mai makin Scaled, ko da sau ɗaya kacal ya ɗaga ƙarfen. Wannan ne ya sa za ka ga mutum ya yi 'yan motsin farko sannan ya tsaya ƙarƙashin sanda minti goma yana kallonta.

Shawarar ta danganta da inda katangar take. Ɗauki 24.3 a matsayin misali. Aikin ya fara da zagaye 5 na tirosta 10, wato tsugunno da ƙarfe a kafaɗa sannan a miƙe a tura shi sama da kai, da jan jiki 10 har ƙirji ya taɓa sanda. Bayan hutun minti ɗaya sai zagaye 5 na tirosta 7 da ƙarfe mafi nauyi, da haye sanda 7, wato jan jiki har mutum ya hau saman sanda hannuwa a miƙe, duka cikin minti 15. Wanda yake iya kai ƙirjinsa sanda amma bai iya hayewa ba, Rx ya dace da shi, domin zai yi aiki sosai kafin ya iso inda zai tsaya, wataƙila ma ranar ce zai fara hayewa. Wanda ko haɓarsa ba ta kai sanda, Rx zai ba shi maki 10 ne kawai da minti 14 na tsayuwa. Zai hau allo, amma bai koyi komai game da jikinsa ba. A ganina irin wannan mutum ya yi Scaled da dukkan ƙarfinsa.

Ga nauyi kuwa babu sassauci: idan ƙarfen ya kusa iyakar abin da kake iya ɗagawa sau ɗaya kana sabo, kada ka ɗauke shi kana haki.

Yaya ake lissafin matsayi?

Wasu ayyukan lokaci ake ƙirgawa, wanda ya riga gamawa ya fi. Wasu kuma ana ba da lokaci ƙayyadadde a ga yawan abin da za ka yi a ciki, irin waɗanda ake rubuta wa AMRAP. A kowane aiki matsayin da ka zo shi ne lambar da ake rubuta maka: na ɗaya yana da 1, na dubu biyar yana da 5,000. A ƙarshe a tara, mai mafi ƙarancin jimla shi ne a sama. Wannan tsari yana hukunta rauni fiye da yadda yake saka wa ƙwarewa, domin mako ɗaya da ka faɗi warwas zai cinye ribar makonni biyu masu kyau.

A tsakiyar allo, inda yawancin 'yan sha'awa suke, mutane a cunkushe suke sosai, har maimaici biyu ko uku na iya ɗaga ka ko sauke ka da ɗaruruwan matsayi. Akwai kuma lokacin raba gardama idan maki ya zo ɗaya, wanda alƙali ke rubutawa a daidai inda takardar maki ta nuna. Ka tuna masa tun kafin a fara, domin idan ya manta ba a iya ƙago shi daga baya.

Waɗanne motsi ne suka fi dawowa?

Ba mai iya faɗa maka aikin bana, amma tarihi yana da nasa ɗabi'un. Tirosta da jan jiki a sanda kusan ba sa fashi, sau da yawa su ne ke rufe kaka, kuma nauyin da aka saba gani shi ne kilo 43 ga maza, 29 ga mata. Faɗi-tashi, wato ka kwanta ƙirji a ƙasa ka miƙe ka yi tsalle, shi ma ɗan gida ne: aikin 12.1 ba komai ba ne face minti 7 na faɗi-tashi zalla. Sai tsallen igiya mai zagaye biyu, wanda yake cikin aikin farko na tarihin Open a 2011, da fizgar dambel, wato gajeren ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, mai kilo 22.5 ga maza da 15 ga mata, da jifan ƙwallo mai kilo 9 ko 6 a bango, da kai yatsun ƙafa sanda, da jan injin tuƙi, da ɗaga ƙarfe daga ƙasa zuwa ƙugu, da ayyukan da ake yi a kife hannuwa a ƙasa.

A cikin waɗannan duka, tsallen igiya mai zagaye biyu ne ya fi arha wajen koyo kuma ya fi tsada idan ba a iya ba. Ba ya buƙatar ƙarfi, sai igiya daidai tsayinka da minti goma na gwaji sau uku a mako. A 24.2, inda kowane zagaye ya ƙunshi tuƙin mita 300, ɗaga ƙarfe 10 da tsalle 50 na tsawon minti 20, wanda igiya ke harɗe masa ƙafa ya yi asarar lokaci a kowane zagaye, komai ƙarfinsa.

Dole ne sai da alƙali? Abokina zai iya yi min?

Sai da alƙali ko bidiyo, idan kana so makinka ya shiga allo. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi aikin a gidan motsa jiki mai rajista da CrossFit, wani ya yi maka alƙalanci, shugaban wurin ya tabbatar da makin a intanet. Abokinka na iya yi, kuma akwai ɗan gajeren kwas na alƙalai a intanet da ya kamata ya bi, musamman idan kana sa ran wucewa mataki na gaba, inda sharuɗɗa suka fi tsauri.

Amma ka zaɓi abokin da zai iya kallon idonka ya ce "wannan bai shiga ba". Alƙalin da ke jin nauyinka cutar ka yake yi. Dokokin motsi a bayyane suke: a tsugunno sai lanƙwasar ƙugu ta gaba, inda cinya ta haɗu da ciki, ta sauka ƙasa da saman gwiwa, a tura ƙarfe sama sai gwiwar hannu da ta ƙafa da ƙugu sun miƙe sarai, a jan jiki sai haɓa ta wuce sanda, a kai yatsu sanda sai ƙafafu biyu sun taɓa a lokaci guda. Idan aka ƙirga maka rabin tsugunno, lambar da ke kan allo ba taka ba ce, kuma baɗi idan ka zo kwatanta kanka da bana, da ƙarya za ka kwatanta. Duk amfanin da aka ambata a amsar kan kuɗin rajista ya rataya ne a kan wannan.

Idan aka soke maka maimaici ana tsakiyar aiki, kada ka tsaya musu. Ka tambayi dalili da kalma ɗaya, ka gyara, ka ci gaba.

Ba ni kusa da gidan motsa jiki mai rajista. Yaya zan yi da bidiyo?

Ana iya haɗa maki da bidiyo, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara a banza. Kafin ka fara ka nuna wa kyamara nauyin kowane faifan ƙarfe da sandar da ake zura su, ka auna tsayin akwatin tsalle ko alamar bango idan aikin ya ƙunshe su. Agogo ya kasance cikin hoto tun daga farko har ƙarshe, jikinka gaba ɗaya ma haka, kuma kada a yanka bidiyon ko sau ɗaya. Ka ajiye kyamarar ta gefe, a inda za a ga zurfin tsugunno da miƙewar hannu. Ka cika batirin wayar, ka share mata wuri, ka kashe shigowar kira. Masu duba bidiyo na iya rage maki ko su soke shi ɗungum idan motsi bai cika ba.

Yaushe ne ainihin wa'adin shigar da maki?

Litinin da ƙarfe 5 na yamma agogon yammacin Amurka. Ka lura da wani tarko: Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris, kuma wannan kan faɗo cikin Open. Kafin sauyin wa'adin ya yi daidai da ƙarfe 1 na daren Litinin wayewar Talata agogon GMT, bayan sauyin kuma ƙarfe 12 na dare. Ka shigar da makin da zarar ka gama, ana iya gyara shi idan ka sake aikin.

Yaya zan tsara atisaye kafin kaka?

Kakar ɗan sha'awa ana gina ta ne tun watanni kafin Fabrairu. Watannin da suka yi nisa da gasa na ƙarfi ne da ƙwarewa: tsugunno da nauyi, ɗaga ƙarfe, jan jiki ba tare da lilo ba, da aikin numfashi mai tsawo a hankali, irin wanda kana yi kana iya magana. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi rainawa, alhali shi ke sa numfashi ya dawo da wuri tsakanin zagaye da zagaye. Idan saura makonni takwas zuwa goma, sai ka fara ƙara ayyuka masu kama da na gasa, kana yin tsoffin ayyukan Open sau ɗaya a mako da cikakkun dokokinsu, wani yana ƙirga maka.

Kwana huɗu ko biyar a mako sun wadatar. Ka zaɓi rauni biyu kawai ka bi su, domin wanda ya ce zai gyara komai a lokaci guda ba ya gyara ko ɗaya. A mako ɗaya ko biyu na ƙarshe ka rage yawan aiki amma ka bar zafinsa. Ƙarfin da ba ka tara a watanni shida ba, ba za ka tara shi a kwana goma ba, gajiya kawai za ka kwasa.

Me ya sa nake ƙarewa tun kafin rabin lokaci?

Domin ka fara da gudun da ba naka ba. Minti biyu na farko kowa jarumi ne: jiki sabo, jama'a na ihu, na kusa da kai ya yi gaba. Jiki yana da wani ƙarfi na gaggawa da ke ƙarewa da wuri, kuma idan ka ƙone shi a farko, sauran lokacin za ka yi shi ne hannu a gwiwa kana kallon ƙarfe. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Maganin shi ne lissafi a takarda kafin a fara. Idan aikin minti 20 ne kana sa ran zagaye 6, kowane zagaye yana da minti 3 da daƙiƙa 20, kuma zagayen farko bai kamata ya fi wannan sauri da yawa ba, ko da kana jin kamar tafiya kake yi. Ka raba maimaici tun kafin jiki ya tilasta maka: 21 ta zama 8, 7, 6, da hutun numfashi uku ko huɗu da ka ƙayyade, ba hutun da babu iyaka ba. A motsin sanda musamman, kada ka yarda ka kai inda hannu ya gaza gaba ɗaya, domin tsokar da ta gaza tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta dawo. Ka jera kayan aikinka kusa da juna, ka daina zuwa wurin allin shafa hannu ko ruwa a kowane zagaye. Daƙiƙa biyar a kowane sauyi, idan aka tara, sukan ci maka maimaici da yawa.

Ka kuma ɗumama jiki sosai, har ka yi gumi numfashi ya tashi sau ɗaya ko biyu, sannan ka huta 'yan mintuna kafin agogo ya fara.

In sake aikin idan makin bai yi min daɗi ba?

Doka ta yarda ka sake kafin wa'adi. Ya dace idan akwai takamaiman kuskure da ka gano: ka fara da sauri, igiya ta tsinke, ka raba maimaici ba daidai ba, ko kana dab da layin wucewa mataki na gaba. Idan ka yi ranar Juma'a, Litinin ce ranar sakewa, don jiki ya samu kwana biyu. Idan kuwa ka ba da duk abin da kake da shi kuma dalilinka kawai shi ne wani ya wuce ka da maki uku, ka haƙura. Aiki mai tirosta da yawa ko mai yaga tafin hannu, sake shi na iya lalata maka mako mai zuwa.

Me zan ci, kuma ina buƙatar garin ƙarin ƙarfi?

Kada ka sauya cimarka a makonnin gasa, kuma ba lokacin rage ƙiba ba ne. Irin wannan aiki da sitaci yake tafiya, don haka ka ci abinci mai sitaci da ka saba da shi awa biyu zuwa uku kafin ka fara. Furotin kuwa, masu ɗaga nauyi sukan nemi giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu a rana. Barcin awa 7 zuwa 9 ya fi duk abin da ake sayarwa a gwangwani.

Abubuwa biyu da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu su ne kiriyatin, garin da ke taimaka wa tsoka wajen aikin ƙarfi, giram 3 zuwa 5 a rana, da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi. Amma ka gwada su a atisaye tukuna, kuma ka karanta amsa ta gaba.

Gwajin ƙwayoyi ya shafi ɗan sha'awa?

Da ka yi rajista ka amince da dokar hana ƙwayoyin ƙara kuzari, ko da yake gwajin ya fi faɗawa kan waɗanda suka yi nisa a gasa. A 2017 an ƙwace matsayi na uku daga hannun Ricky Garard aka dakatar da shi shekara 4 bayan gwaji ya nuna haramtattun sinadarai a jikinsa. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhakinsa, ko da garin da ka saya ne ya zo da gauraye ba ka sani ba. Masu shekaru da ke shan magani bisa umarnin likita, musamman na sinadarin maza, su duba jerin abubuwan da aka hana tun kafin rajista.

Mene ne narkewar tsoka da ake ta gargaɗi a kai?

Idan aka yi wa tsoka aikin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, ƙwayoyinta na iya fashewa su zubar da abin da ke cikinsu cikin jini, kuma wannan na iya lalata ƙoda. Likitoci na kiran sa rabdo a taƙaice. Alamominsa su ne ciwon tsoka da ya wuce na gajiyar da aka saba, kumburi, kasa miƙe hannu ko ƙafa, da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira gari ya waye.

Wanda ya fi shiga haɗari ba sabon shiga ba ne kaɗai. Mutumin da ya taɓa yin ƙarfi, ya yi watanni a zaune, ya dawo da zuciyar da amma ba da jikin da ba, shi ne ya fi iya tura kansa inda bai kamata ba. Zafi, ƙarancin ruwa, zazzaɓi da giya suna ƙara haɗarin, haka ma ɗauke da ƙwayar gadon sikila ko da mutum ba ya ciwon. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya mara tsari kuwa, a ajiye ƙarfe nan take. A gasar 2024 a Fort Worth ta jihar Tekzas, Lazar Đukić ɗan Sabiya, ƙwararre da ya kai matakin ƙoli, ya rasu a ruwa yayin gwajin gudu da ninƙaya. Tun daga lokacin 'yan wasa suka ƙara matsa wa masu shirya gasa lamba kan tsaro, kuma kai ma kana da haƙƙin tambayar tanadin gaggawa a duk gasar da za ka shiga.

Tafin hannuna na yagewa a sanda. Akwai dabara?

Kantar hannu mai kauri ce ke kamawa ta yage, don haka ka riƙa goge ta tana laushi bayan wanka har ta yi daidai da fata. Alli kaɗan ya isa, mai yawa yana ƙara gogayya. Ka saba da mayafin tafin hannu tun a atisaye. Idan ta yage, ka wanke da sabulu, ka yanke fatar da ke reto, ka rufe, ka bar sanda har ta kame.

Akwai wasu gasanni ban da Open?

Akwai. Gidajen motsa jiki da yawa na shirya gasar yini ɗaya ta mutum biyu ko uku, mai rukunin sababbi, kuma nan ne wuri mafi kyau na fara jin yadda ake yin aiki uku ko huɗu a rana guda. Akwai manya irin su Wodapalooza a Miyami, masu zagayen cancanta ta intanet da rukunoni na matsakaita.

Sai Hyrox, wadda aka kafa a Hambag ta Jamus a 2017. Ita ba ta ɓoye komai: gudun kilomita 1 sau 8, kowanne da tasha a bayansa, daga injin jan igiya na mita 1,000, tura keken nauyi da jan sa, faɗi-tashi da dogon tsalle na mita 80, tuƙin mita 1,000, tafiya da nauyi a hannu biyu na mita 200, takun durƙuso da buhun yashi na mita 100, zuwa jifan ƙwallo a bango. Babu haye sanda, babu tsayuwa a kife. Wanda gudu ne ƙarfinsa kuma motsin sanda ke hana shi Rx, nan zai fi samun kansa. Kada dai ka jera gasanni kusa da kusa, biyu ko uku da ka shirya musu da kyau sun isa shekara.

An rufe kaka. Me zan yi da sakamakon?

Ka huta mako guda da aiki mara nauyi, sannan ka zauna da takardun makinka tun abin yana sabo a kanka. Kada ka dubi lambar matsayi, domin yawan masu shiga na sauyawa kowace shekara. Ka dubi kason da ka faɗa cikin ɗari a rukunin shekarunka, mako-mako. Aikin da kasonka ya fi faɗuwa shi ne ke nuna inda watanni masu zuwa za su tafi. Ka rubuta a wane minti ka fara tsayawa, wane motsi ne ya tsayar da kai, kuma numfashi ne ya ƙare ko tsoka ce ta gaza, domin maganinsu ba ɗaya ba ne: na farko yana buƙatar dogon aiki a hankali, na biyu yana buƙatar nauyi da maimaici.

Ka kai wa kocinka wannan takarda ku fitar da raunin nan biyu da aka ambata a amsar tsara atisaye. Bayan wata shida ka sake yin aikin da ya fi ba ka kashi, da nauyi iri ɗaya, dokoki iri ɗaya, da alƙalin nan da ba ya jin nauyinka, ka rubuta sabon makin a gefen tsohon.